Darakta Japheth da Kaset ɗin Mijina

Tun da abin nan ya faru nake jin ana juya labarinsa a kasuwar Samaru, kowa da irin nasa. Wasu sun ce na mari Japheth, wasu sun ce na suma. Ban mare shi ba, ban kuma suma ba. Ni ce Malama Elizabeth Shekari. Na koyar a firamare har na yi ritaya, kuma ban taɓa barin ɗalibi ya kawo labari a karkace ban sa shi ya sake ba. Saboda haka ga yadda aka yi, in ya so masu hankali su gaya mini ko abin da nake nema a wurin yaron nan ya yi yawa.

Mijina marigayi, Malam Shekari, tela ne, amma ba da ɗinki Samaru ta san shi ba. Kowace Kirsimeti shi da abokansa sukan yi wasan barkwanci a zauren coci. Shi ne yake fitowa a Baba Doguwa, mai gidan haya da ke yawo da rediyo mai kaset rataye a wuya. Duk ɗan hayar da ya zo da ƙorafi, ko rufi na yoyo ko ƙofa ta ɓalle, sai Baba Doguwa ya ƙara sautin rediyon, ya hau rawa, yana ba shi amsa a cikin kiɗan. Daga shigarsa har fitarsa rediyon ba ya yin shiru. Kiɗan kuwa na marigayi Baba Friday ne, wanda ya yi zamani da 'yan bandinsa a otal-otal na Sabon Gari. Da bakinsa ya ce wa mijina ya yi ta sawa a wasa, har yakan zo kallo ya zauna a gaba.

Sau ɗaya aka taɓa ɗaukar wasan a bidiyo. Wani ɗalibin jami'a ne ya ɗauka, ya ba mu kaset guda. A duk duniya, nan kaɗai muryar mijina ta rage. Injin bidiyonmu ya daɗe da mutuwa, jikata Christabel kuma bayan rasuwarsa aka haife ta, ba ta taɓa jin yadda kakanta yake magana ba.

Sai ga Japheth. Na koyar da shi a aji huɗu, kuma tun a lokacin yakan ɗaga hannu kafin a gama tambaya. Yanzu ya girma, yana da shago a Palladan inda yake karɓar aikin ɗaukar bidiyon biki da jana'iza, ya kuma liƙa Darakta a gaban sunansa. Ya shigo gidana da tabarau a goshi da wata riga mai aljihu kamar na masunci.

"Mama, kin san a kan zinariya kike kwana?"

"A kan katifa nake kwana. Zauna ka gaishe ni tukuna."

Ya gaishe ni a gurguje, ya koma kan maganarsa.

"Kaset ɗin Baba nake nufi. Zan juye shi a faifai da katin waya. Zariya, Kaduna, Jos, har 'yan'uwanmu da ke Landan sai sun kalla. Za a yi bikin ƙaddamarwa a Sabon Gari, ke ce uwar taro."

"Ni abu ɗaya nake so," na ce. "Jikata ta ji muryar kakanta, kaset ɗina kuma ya dawo yadda ya tafi."

"Mama, irin wankin da zan yi wa muryar nan, sai kin ɗaga labule kin duba ko Baba ne a baya."

"Kiɗan fa? Ka yi magana da iyalan Baba Friday?"

"Wannan aikin ofis ne, ki bar mini."

Na naɗe kaset ɗin a ɗankwali na miƙa masa.

Kafin in sake ganinsa, hotunan talla sun cika gari, daga bakin kasuwar Samaru har cikin Sabon Gari. Fuskar Japheth ta cinye rabin takardar. Mijina yana can ƙasa a lungu, sai mai ido ya matso zai gane shi. An sa ranar biki, an sa zaure, ba a tambayi kowa komai ba.

Daga nan ya ɗora guntun wasan a intanet don jan hankali. Bai gama aika wa mutane ba aka toshe shi, da sanarwa cewa kiɗan da ke ciki yana da masu shi. Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba. Janet mai kitso, wadda shagonta ke jingine da nasa, ita ta gaya mini, kuma Janet ba ta ƙara gishiri.

"Maƙiya ne," in ji Japheth ga duk wanda ya tsaya. "Manya sun ji motsina, hankalinsu ya tashi."

Ya sake ɗorawa da wani suna, aka toshe. Ya juya hoton ya koma kai a ƙasa wai don na'urar ta ruɗe, aka toshe. Ya ƙara wa wasan gudu har Baba Doguwa ya koma kamar wanda kunama ta harba, sai aka rufe shafin shagon gaba ɗaya, har da bidiyon bukukuwan mutane da ke ciki. Ranar amare suka yi ta kiran wayarsa, shi kuma yana sa Janet ta ce ya tafi Abuja taro.

Ana cikin haka Clementina ta iso shagon. 'Yar Baba Friday ce, tana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Ta shigo da takardar talla ɗaya a hannu.

"Kai ne Darakta?"

"In aiki ne, sai ki bi layi."

"Babu kowa a shagon."

"Layin a waya yake."

Ta ja kujera ta zauna. Ta yi masa bayani a natse, yadda ake yi wa mai hankali. Ta ce babanta ya yarda a sa kiɗansa a dandali, daren Kirsimeti, a gaban mutanen unguwa. Buga shi a faifai a kai kasuwa kuwa wani abu ne daban, sai da izini a rubuce. Kuma bayan rasuwarsa iyali sun danƙa waƙoƙin a hannun wani kamfani a Legas da ke kula da su, ita kanta ba ta da ikon cewa a buga.

"Amma ba abin faɗa ba ne," in ji ta. "Baba Shekari ne ya ɗinka mini kayan makaranta. Ka rubuta musu, ni kuma zan sa baki. Zai ɗauki 'yan watanni."

"Watanni? Hajiya, an riga an buga rana."

"Ba Hajiya ba ce. A ɗaga ranar mana."

"Darakta ba ya ɗaga rana. Kuma in gaya miki gaskiya, kiɗan nan naku dama ba ya cikin tsarina, tsohon yayi ne. Zan zare shi yadda ake zare ƙaya daga kifi, kifin bai ma sani ba."

"Kifin ai ya riga ya mutu kafin nan," in ji Clementina. Ta ajiye masa takardarsa ta fita.

Abin da Darakta bai duba ba shi ne, ɗalibin da ya ɗauki wasan da makirufo ɗaya ya ɗauka, na jikin kyamara. Kiɗa da magana da dariyar 'yan kallo duk a haɗe suke, kamar gari da ruwa bayan an tuƙa tuwo. Ya samo wata manhaja da aka ce tana raba su. Ta raba, amma tsohon kaset ne mai shuu, sai mijina ya koma kamar kwaɗo yana kuka daga cikin rijiya. Ya sake gwadawa, kwaɗin suka zama biyu. Da ya ga haka, sai ya kashe sautin duk wurin da Baba Doguwa ya fito. Kiɗa ya tafi. Magana ta bi shi, dariya ma ta bi su.

Wata safiya Janet ta zo gidana ko mayafi ba ta ɗaura daidai ba.

"Malama, ko dai a kai Japheth a yi masa addu'a?"

"Me ya same shi?"

"Kullum sai ya kulle shago, ya lulluɓe kansa da bargo, yana ta faɗa da murya irin ta tsofaffi. Jiya na ji yana cewa ba zai gyara rufi ba. Can kuma ya sake murya kamar mace, yana roƙon kansa."

Na hau keke napep na tafi Palladan. Japheth ya tare ni a bakin ƙofa, gumi har wuya.

"Kunna mini in ji inda aka kai."

"Mama, babu wuta."

"Ga fanka tana juyawa a shagon Janet."

"Layinmu daban."

"Bango ɗaya ne tsakaninku."

"Shi ya sa nake ta kai ƙara, Mama. Ki je ki huta. Uwar taro ba ta kallon fim kafin rana, haka dokar sana'ar take."

Na koma wani lokaci, aka sake ɗauke masa wuta shi kaɗai.

Ashe yana can yana neman dariya. Wasan barkwanci babu dariyar 'yan kallo ba ya tafiya, wannan ko Japheth ya sani. Ya fara da teburin mai shayi a Samaru. Ya ɗaga waya sama ya ce wa masu karin kumallo, "Jama'a, in na ɗaga yatsa, kowa ya yi dariya."

"A kan me?" in ji wani.

"A kan komai. Fim ne."

"To ba mu abin dariyar."

Ya ba su labari. Ya kai ƙarshe, ya ɗaga yatsa. Ba a ji komai ba sai ƙarar cokali a kofi. Mai shayi ya ce masa ko ya sha wani abu ko ya ba mutane wuri.

Ya ce mutanen Samaru boko ya kashe musu zuciya, ya nufi Sabon Gari. Can ya sami 'yan acaba a gaban shagon Uzoma mai kayan gyaran babur. Duk wanda ya taɓa bin layin nan ya san dariyar Uzoma. Tana farawa kamar babur ɗin da ya ƙi tashi, ta kama, ta yi sama, sannan ta ƙare da tari biyu da "Chineke," yadda Ibo ke kiran Allah. Japheth ya ajiye waya a kan teburin Uzoma tana ɗauka, ya hau benci don kowa ya gan shi. Ya taka ƙarshen bencin, ɗaya ƙarshen ya tashi, Darakta ya zauna daɓas a cikin kwanon baƙin mai. Layin ya ɗauki dariya, amma Uzoma ne kusa da waya. Japheth ya tashi yana ɗiga, ya duba wayar, ya ce, "An samu."

Saura kiɗa. Wani ɗalibin lauya mai suna Eric ya shiga shagon ɗaukar hoton fasfo, Japheth ya tambaye shi ko akwai kiɗan da ba shi da mai shi. Eric ya ce tsofaffin waƙoƙin coci, waɗanda masu rubuta su suka mutu tun zamanin kakannin kakanni, kowa na iya rerawa. Ya buɗe baki zai ƙara cewa muryar waɗanda suka rera tasu ce, sai an tambaye su. Japheth ya riga ya danna kyamara ya ce, "Na gaba." Har yau hoton fasfon Eric baki a buɗe yake.

Ya shiga kwamfutarsa yana tonon ayyukan da ya taɓa ɗauka. A cikinsu babu kiɗan da ya kai na Zumuntar Matan cocinmu armashi ranar jana'izar Dattijo Jatau. Tsoho ne da ya cika kwanakinsa, matan suka raka shi da kiɗan tulu da kacau-kacau yadda aka saba. Japheth ya ɗora a kan rawar mijina, ya ga ƙafa tana faɗuwa daidai da bugun tulu. Janet ta ce ranar har rawa ya yi shi kaɗai a shago.

Ranar biki ta zo, Asabar da yamma. Zauren ya cika. Fasto yana gaba. Zumuntar Mata sun zo da anko don su taya ni murna, Uwar Zumunta a tsakiyarsu, kusa da ita Mama Jatau, matar marigayi Dattijo, da sandarta. Uzoma ya zo da mutanen layinsu. Eric ya zo. Clementina ta tsaya a baya ta harɗe hannu. 'Yata da mijinta sun taso daga Jos da Christabel, yarinyar ta zauna a gefena da sabuwar riga, tun a hanya take tambaya ko muryar kakanta babba ce ko ƙarama.

Japheth ya hau dandali da kwat mai sheƙi. Ya gode wa Ubangiji da ya ba shi baiwa, ya gode wa iyayensa da suka haifi mai baiwa. Ya ce an yi masa zagon ƙasa daga Legas har ƙasar waje, amma ga shi tsaye. Ya ce abin da za mu gani ko a Indiya sai an yi taro kafin a iya shi. Sunan mijina ya zo sau ɗaya, can wajen ƙarshe. Fasto ya duba agogo, Japheth ya ce a ja labulen tagogi.

Farkon ya tafi lafiya. 'Yan haya biyu suna tsakar gida suna gunaguni da muryoyinsu na ainihi, tsofaffi a zauren suna ta nuna su suna kiran sunayensu. Sai ga Baba Doguwa ya shigo da rediyonsa a wuya, hula a karkace. Zauren ya ɗauki tafi. Na riƙe hannun Christabel. Mijina ya buɗe baki.

"Assalamu alaikum 'yan haya," in ji muryar Japheth, a shaƙe, ta hanci.

Mijina mutum ne mai murya kamar ganga. In ya yi tari a shagonsa ana ji a bakin titi. Abin da ya fito daga bakinsa ranar kamar an taka wutsiyar ɗan akuya. Bakin ya rufe, maganar ta ci gaba. Maganar ta tsaya, bakin ya ci gaba.

"Kaka," in ji Christabel, "muryarsa irin ta mutumin nan ce mai tabarau."

Da yake Japheth bai haddace maganganun wasan ba, sai ya cike da nasa. Ɗan haya ya nuna rufi, Baba Doguwa ya juyo ya dube shi, ya ce, "In kana da biki ko suna ko rasuwa, ka nufi Palladan, ka tambayi Darakta." Mijina da ko allon shagonsa sai da na matsa masa kafin ya kafa. Matar ɗan hayar ta fito za ta yi magana, ita ma Japheth ce, ya toshe hanci.

Sai dariya ta tashi daga lasifika. Babur ya ƙi tashi, ya kama, ya yi sama, tari biyu, "Chineke." Baba Doguwa ya zauna a kujera, dariyar ta sake tashi. Ya sosa kunne, ta sake tashi, tari biyu, "Chineke." Ɗaya bayan ɗaya kawuna suka juya baya.

Uzoma ya miƙe. "Wannan ni ne fa. Oga Darakta, yaushe na shiga fim?"

"Zauna, ana kallo," in ji Japheth daga gefen dandali.

"Ana kallo, ana jin tarina. Wa ya ba ka tarina?"

"Dariyar jama'a ce."

"Wace jama'a? Ko matata ba ta iya ta ba."

Mutanen layinsu suka ja shi ya zauna, don an zo wurin babbar rawar, wadda duk Samaru ta sani. Baba Doguwa ya kai hannu ga rediyo, ya murɗa. Sai tulu ya amsa, kacau-kacau ya shiga, muryoyin mata suka ɗauki waƙa. Matan Zumunta suka fara gyaɗa kai, wasu har sun fara bi. Uwar Zumunta ce ta fara tsayawa.

"Wannan ba muryata ce ke ba da waƙa ba?"

"Taki ce, Mama," in ji ta kusa da ita. "Ga Mama Bisi can tana shiga kafin lokaci."

"A ina muka yi wannan?"

Ba ta rufe baki ba amsa ta fito daga lasifika. Mijina ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya karkace ƙugu, ya kashe wa 'yan kallo ido, muryar Fasto ta ratso ta cikin kiɗan a hankali: "Dangin Dattijo Jatau su matso su zuba ƙasa."

Babur ya ƙi tashi, ya kama, ya yi sama. Tari biyu. "Chineke."

Mama Jatau ta dafa sandarta ta tashi.

"Elizabeth," in ji ta, "mijinki ne yake rawa a bakin kabarin mijina?"

"Ba shi ba ne, Mama. Ya riga naki tafiya."

"To wa ya haɗa su?"

Babu wanda ya nuna, amma kowa ya duba wuri ɗaya. Japheth ya ruga wurin kwamfuta zai kashe, ya danna abin da ba shi ba, sauti ya ƙaru. Aka ji Mama Jatau da kanta a lasifika tana kiran sunan mijinta, mijina kuma yana juyi a allo. Mijin 'yata ya tashi ya zare wayar wuta daga bango.

"Jama'a a saurare ni," in ji Japheth. "Waƙar nan ba ta da mai ita. Lauya ne ya tabbatar mini."

"Ban gama karatu ba," in ji Eric daga baya, "kuma ban gama magana ba."

"Waƙar ba ta da mai ita," in ji Uwar Zumunta. "Bakunanmu fa? Su ma tsintarsu ka yi?"

"Mama, ai aikin Ubangiji ne."

"Shi ya aike ka?"

"Ni ma ina da tambaya," in ji Fasto. "Na binne mutane da yawa, amma yau na fara jin an yi mini dariya a kai."

"Ba ni na yi ba, Fasto," in ji Uzoma. "Wato ni na yi, amma a kan shi na yi, ranar da ya faɗa cikin mai."

Japheth ya hango Clementina, ya nuna ta. "Ga wadda ta jawo duk wannan. Da ta bar mini kiɗan babanta."

"Ni ba ni da ƙara," in ji Clementina. "Babu kiɗan babana ko kaɗan, ka cika alkawari. Kallo na zo."

Ya fara ja da baya wajen ƙaramar ƙofa, ya tarar matan Zumunta sun riga shi, sun jera kafaɗa da kafaɗa. Ya juyo wajen babbar ƙofa, 'yan acaba na can. A nan na tashi. Ban ɗaga murya ba, ban taɓa buƙata ba.

"Japheth."

"Na'am, Malama."

"Kaset."

Ya cire tabarau daga goshi. Ya ce kaset ɗin yana shago. Na ce mu je. Aka sa shi a keke napep tsakanina da Uwar Zumunta, sauran suka biyo baya har Palladan.

A shagon gaskiya ta fito. Injin bidiyon da ya juye kaset ɗin da shi na aro ne, daga wurin wani Somto mai gyaran talabijin a Sabon Gari. Tun ranar farko injin ya haɗiye kaset ɗin ya ƙi fitarwa. Bakinsa duk ya kwarzane, ga cokali da wuƙar yanka burodi a gefe.

"Wanda ka juye a kwamfuta fa, na ainihin?" in ji mijin 'yata.

"A kansa na yi aikin."

"Ba ka ajiye wani a gefe ba?"

"Ƙwararre ba ya buƙata," in ji Japheth, amma a hankali.

Na ce ya ɗauki injin. Ya ɗora a ka, da kwat ɗinsa mai sheƙi, ya kai bakin titi, Janet da masu kitsonta suna tsaye suna kallo.

A gida mijin 'yata ya nemo wayoyi ya haɗa injin da talabijin. Clementina ta biyo mu, ta zauna a bakin kujera. Mijin 'yata ya tambaye ni ko ya danna, don in injin ya tauna zaren, shi ke nan. Na dubi Christabel, na ce ya danna.

Injin ya yi gurnani. Allo ya yi fari, ya yi layi-layi, hoto ya yi rawa ya tsaya. Sai ƙaho da jita na Baba Friday suka cika ɗakin, ga Baba Doguwa da hularsa a karkace, ga ɗan haya yana nuna sama.

"Rufi na yoyo?" in ji mijina, da muryarsa, har gilashin kabad yana amsawa. "Kai da aka kawo wa ruwa har kan gado? Wasu sai sun je famfo."

Mutanen Samaru na wancan lokacin suka kwashe da dariya a cikin talabijin, Christabel ta bi su har tana faɗowa daga kujera.

"Babba ce, Kaka," in ji ta.

Clementina ta goge ido da gefen zane. "A ɗakinki babu mai hana ki, Malama. Ƙara sauti."

To, ga abin da nake nema, kuma na gaya wa Fasto da dattawa. Japheth ya tsaya a gaban jama'a ranar Lahadi, ba tabarau, ya roƙi Mama Jatau da matan Zumunta gafara da muryarsa ta ainihi, tunda yanzu duk mun san ta. Ya bi gari ya ɓamɓare hotunan nan da hannunsa. Faya-fayen da ya buga a farfasa su a gabana, kada wani ya je Jos ko Landan ya ɗauka haka mijina yake magana. Sannan ya kawo wanda ya san aiki ya fitar mini da kaset ɗina lafiya, ina zaune ina kallo. Lahadi biyu ke nan yana aiko cewa yana Abuja, Janet kuwa tana jin motsinsa ta bango.

Har sai ya yi, injin yana ɗakina, na rufe shi da ɗankwali. Jiya Somto ya zo da ladabinsa yana roƙon in ba shi kayansa, wai aro ya bayar na yini ɗaya. Na ba shi kujera, na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin ƙofa na nuna masa hanyar Palladan.